Shekara tara doka na jiran hanya: yadda Venis ta fitar da manyan jiragen yawon buɗe ido daga tsakiyar gari

Garin da ruwan da yake zaune a kai

Venis gari ne a arewa maso gabashin Italiya, an gina shi kan tsibirai fiye da ɗari a tsakiyar wani makeken tafki mai ruwan gishiri. Duk wanda ya san tafkin Legas zai gane fasalin: ruwa kwance, siririn tudun yashi ya raba shi da teku, sai 'yan ƙofofi da ruwan teku ke shiga yana fita. Na Venis faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 550. Ƙofofinsa uku ne, Lido da Malamocco da Chioggia. In ka cire hanyoyin da aka yashe wa jirage, yawancin tafkin zurfinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba.

Gidajen garin ba kan dutse suke zaune ba. Mutanen da sun kakkafa itatuwa cikin laka, suka shimfiɗa katako da farin dutse a kai, sannan suka ɗora bulo. Itacen da ya nutse cikin laka ba ya ruɓewa muddin iska ba ta taɓa shi. Abin da ke cin ginin shi ne igiyar ruwan da ke dukan bango tana komawa, tana zare abin da ya riƙe bulon kaɗan-kaɗan, shi ya sa mutanen garin suka daɗe suna faɗa da masu gudu da jirage masu inji tun kafin manyan jiragen su zo.

A 1951 mutum kusan 175,000 ne ke zaune a tsohon garin. Daga nan adadin ya yi ta raguwa. Akwai wani kantin magani kusa da gadar Rialto da ya kafa allon lantarki a tagarsa, yana nuna yawan mazauna da suka rage, mai wucewa ya ɗaga kai ya ga lamba ta sauka. A 2009 ta faɗo ƙasa da 60,000, har wasu mazauna suka ɗauki akwatin gawa a kwalekwale suka yi wa garin jana'izar wasa. Hukumar UNESCO kuwa tun 1987 ta sa Venis da tafkinta cikin wuraren tarihi na duniya.

1997 zuwa 2011: jirage na girma, hanya na nan yadda take

A 1997 aka kafa kamfanin da ke gudanar da tashar fasinjoji ta Marittima, wadda ke can ƙarshen garin ta yamma. Matsalar tana cikin taswira. Teku na gabas, tasha na yamma, gari na tsakiya. Jirgi zai shigo ta ƙofar Lido, ya bi ta gaban dandalin San Marco da fadar tsoffin sarakunan garin, ya shiga mashigin Giudecca, gidaje dama da hagu, kafin ya isa inda zai ɗaure. In zai fita ma nan zai biyo. Ga kamfanonin jiragen wannan ba aibi ba ne, shi ne ma abin sayarwar: fasinja na tsaye a hawa na goma sha wani abu, yana kallon rufin majami'u daga sama.

Wani abu da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne Venis ba tashar yada zango ba ce kawai. Yawancin jiragen a nan suke ɗaukar fasinja, a nan suke sauke su. Ma'ana akwai aikin 'yan dako da masu ɗaure jirgi, da masu kawo abinci da ruwa da mai, da direbobin ƙananan jiragen da ke jan manya, da masu tasi na ruwa, da otal-otal da filin jirgin sama. Abincin iyalai da yawa na nan.

Girman jirgi ana auna shi da abin da ake kira tan, amma a wannan fage tan ba nauyi ba ne, awon faɗin cikin jirgi ne, wato yawan ɗakuna da zauruka da ke rufe a jikinsa. Wannan awon ne duk dokokin da za su zo suka dogara da shi. A waɗannan shekaru jiragen suka yi ta kumbura, wasu tsawonsu ya doshi mita 300, tsayinsu ya ninka na gidajen da suke wucewa sau da yawa. Fasinjoji ma haka, har suka kai kusan miliyan 1.8 a 2013.

Ƙorafin mazauna iri uku ne: hayaƙin injin da ba a kashewa ko jirgi na ɗaure, ruwan da jirgi ke turawa cikin ƙananan lunguna na ruwa, da tsoron ranar da wani zai ƙwace.

2012: dokar da aka ɗaura wa sharaɗi

Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gefen tsibirin Giglio, can yammacin Italiya, ya kife, mutum 32 suka rasu. Ya matso gaɓa ne fiye da kima. Abin ba a Venis ya faru ba, amma kowa a ƙasar tunaninsa ya tafi mashigin Giudecca.

A watan Maris na shekarar ministoci biyu, Corrado Clini na muhalli da Corrado Passera na sufuri, suka sa hannu kan wata doka. Ta hana jirgin da ya wuce tan 40,000 bi ta gaban San Marco da mashigin Giudecca. Sai dai an ƙara mata jimla guda: hanin zai fara aiki ne ranar da aka samar wa jiragen wata hanyar. Ba a faɗi wace hanya ba, ba a faɗi ranar ba, ba a faɗi wanda zai biya kuɗin aikin ba. Jirage suka ci gaba da wucewa kamar ba a yi komai ba.

A shekarar ne kuma mazauna suka kafa kwamitin No Grandi Navi, wato "ba ma son manyan jirage". Tutarsu, jirgi da jan layi a kansa, ta fara bayyana a tagogi da kwalekwale.

2013 zuwa 2015: iyo, ragi, da kotu

A Satumba 2013, a wani ƙarshen mako da jirage suka yi cincirindo, masu zanga-zanga kusan hamsin suka faɗa cikin mashigin Giudecca suna iyo, suka tsayar da zirga-zirga na ɗan lokaci. Hotunan suka zaga duniya.

Bayan wata biyu gwamnatin Enrico Letta ta fito da mataki mai lamba da rana. Daga Janairu 2014 za a rage kashi 20 cikin ɗari na jiragen da suka wuce tan 40,000. Daga Nuwamba 2014 kuma duk wanda ya wuce tan 96,000 ba zai shigo ba sam. Hukumar da ke kula da zirga-zirgar tashar ta fitar da umarnin aiwatarwa.

Kamfanin tashar fasinjoji da wasu masu sana'a a tashar suka garzaya kotun yankin Veneto, yankin da Venis ke ciki, mai sauraren ƙararrakin da ake kai hukumomi. A Maris 2014 kotu ta dakatar da umarnin, a Janairu 2015 ta soke shi. Hujjarta ta fito ne daga cikin dokar 2012 kanta: doka ta ce hani sai an sami wata hanya, ga shi ba a samu ba. Ta ƙara da cewa ba a kawo cikakken binciken da ya nuna haɗarin da aka ce jiragen na da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa gwamnati ce ta bar ta da hannunta.

Abin mamaki, kamfanonin jiragen da kansu suka ce za su ci gaba da mutunta iyakar tan 96,000 duk da hukuncin. Sun ga yadda sunansu ke ɓaci. Wannan ya ɗan rage yawan fasinjoji a shekarun da suka biyo, amma jirgi mai tan 90,000 ma ai dutse ne mai tafiya.

A 2015 aka yi wata 'yar rigima da ta nuna zafin maganar. An shirya baje kolin hotunan Gianni Berengo Gardin, dattijon mai ɗaukar hoto, a fadar sarakunan garin. Hotunan baƙi da fari ne, jirgi ya toshe ƙarshen lungu kamar katanga. Sabon magajin gari, Luigi Brugnaro, ya hana a nuna su a can. Aka kai su wani shago a dandalin San Marco, mutane suka yi layi.

2014 zuwa 2017: neman hanyar da ba ta samu ba

Tunda komai ya rataya kan "wata hanya", sai faɗan ya koma kan wace ce.

Akwai wata hanya da ta riga ta kasance. A shekarun 1960 an yashe wani dogon mashigi daga ƙofar Malamocco zuwa Marghera, unguwar masana'antu da matatun mai da ke kan tudu, domin jiragen dakon mai su daina bi ta tsakiyar gari. Mutanen wurin na kiransa mashigin man fetur. Shawarar farko ita ce a bi da jiragen fasinja ta nan, sannan a yashe wani ƙaramin mashigi mai suna Contorta Sant'Angelo, a faɗaɗa shi ya kai su Marittima ta baya. Hukumar tashar jiragen ruwa ta goyi bayan wannan, gwamnati ma ta nuna amincewa a 2014.

Masana ruwa da masu kare muhalli suka ce an gudu gara an faɗa gidan zago. Bayaninsu shi ne, idan ƙaton jirgi na tafiya a mashigi mai zurfi wanda gefensa ruwa ne mara zurfi, yakan zuƙe ruwan gefen zuwa jikinsa, ruwan ya sauka, sannan ya dawo da ƙarfi bayan jirgin ya wuce. Kowace wucewa na tayar da laka, lakar ta gangara cikin mashigin, janyewar teku ta kwashe wata zuwa waje. A haka tafkin ke ƙara zurfi, ciyayi da tudun laka da ke karya ƙarfin igiyar ruwa na ɓacewa. Sun ce mashigin man fetur ya riga ya yi wannan ɓarnar shekara hamsin, ƙara masa ɗan'uwa hauka ne. Shawarar Contorta ta mutu.

Aka kawo wata: a gina tasha a bakin ƙofar Lido, jirage su tsaya can, a ɗebo fasinjoji da ƙananan jirage. Wasu masu adawa da manyan jirage sun so ta, hukumar tasha da magajin gari ba su so ba, mutanen ƙauyukan da ke kusa da wurin ma suka ce ba a ƙofarsu ba.

A Yuni 2017 kwamitin mazauna ya shirya ƙuri'ar jin ra'ayi wadda ba ta hukuma ba. Mutum kusan 18,000 suka jefa, kusan kashi 99 cikin ɗari suka ce jiragen su bar tafkin. A Nuwamba ministan sufuri Graziano Delrio ya sanar cewa an daidaita: manya za su koma Marghera nan da shekara uku zuwa huɗu. Jaridun duniya suka buga cewa Venis ta kori jirage. Bayan wata huɗu aka yi zaɓe, gwamnati ta sauya, ba a aza ko bulo ɗaya ba.

2019: ranar 2 ga Yuni

Safiyar Lahadi ce, ranar da garin ke bikin shekara-shekara na ɗaura wa Venis aure da teku. Jirgin MSC Opera, mai tsawon mita 275 da tan kusan 65,000, ya shigo mashigin Giudecca, ƙananan jirage biyu na riƙe da shi. Injinsa ya samu matsala, ya ƙi rage gudu, igiyar ɗaya daga cikin masu riƙon ta tsinke. Bidiyon da mutane suka ɗauka da waya ya nuna shi yana ta busa ƙaho ba ƙaƙƙautawa, mutanen da ke kan gaɓar San Basilio na gudu, hancinsa na gogar siminti, har ya ture wani ƙaramin jirgin fasinja mai suna River Countess da ke ɗaure a wurin. Mutane kaɗan suka ji rauni. Ba a rasa rai ba.

A lura, wannan jirgin yana ƙasa da iyakar tan 96,000 da kamfanoni suka ɗora wa kansu, amma ya zarce tan 40,000 da dokar 2012 ta hana. Da dokar na aiki, da ba ya wurin.

Bayan mako biyar, cikin hadari da ƙanƙara, wani jirgin, Costa Deliziosa, ya kusa afka wa wani jirgin alfarma da ke ɗaure a gaɓa, ba nisa da San Marco. Ministan sufuri na lokacin, Danilo Toninelli, ya ce za a fara karkatar da wasu jirage zuwa gaɓar masana'antu. A watan Agustan nan gwamnatinsu ta rushe. Shekarar ta ƙare da fasinjoji kusan miliyan 1.6, da kuma ambaliyar 12 ga Nuwamba da ruwa ya hau santimita 187, wadda ba a ga irinta ba tun 1966.

2021: doka biyu a wata huɗu

Annobar korona ta yi abin da doka ta kasa. Daga farkon 2020 jiragen suka tsaya cak, mutanen garin suka ga mashigin Giudecca babu su fiye da shekara.

A ƙarshen Maris 2021 gwamnatin Mario Draghi ta amince da wata doka, aka sake bugawa a ko'ina cewa an hana. Masu labari sun riga malam masallaci. Abin da dokar ta ƙunsa shi ne a buɗe gasar kawo shawarar yadda za a gina tasha a wajen tafkin. Ranar 5 ga Yuni jirgin MSC Orchestra, mai tan fiye da 90,000, ya ɗauki fasinjoji ya biyo ta Giudecca ya wuce gaban San Marco. Ranar an yi zanga-zanga biyu. Ɗaya a gaɓa da cikin kwalekwale, ana ɗaga tutar "ba ma so". Ɗayar ta ma'aikatan tasha ce, mutanen da suka yi fiye da shekara ba aiki, suna yi wa jirgin maraba da tutar "muna so".

Kwanaki kaɗan bayan haka masu ba UNESCO shawara suka ce a sa Venis cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, kuma kwamitin da zai yanke hukunci zai zauna a watan Yuli, ƙarƙashin jagorancin China. Ga ƙasar da ke alfahari da yawan wuraren tarihinta, wannan abin kunya ne mai rana tsayayya.

Ranar 13 ga Yuli majalisar ministoci ta amince da sabuwar doka, ministan al'adu Dario Franceschini na kan gaba. Ta ayyana ruwan gaban San Marco da mashigin San Marco da na Giudecca a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Daga 1 ga Agusta 2021 ba jirgin da zai bi ta nan in ya faɗa cikin ɗaya daga cikin huɗu: ya wuce tan 25,000, ko tsawonsa ya wuce mita 180, ko tsayinsa daga ruwa ya wuce mita 35, ko man da yake ƙonawa lokacin wucewa na ɗauke da farar wuta fiye da kashi 0.1 cikin ɗari. Guda ɗaya ta isa. Babu jimlar "sai an sami wata hanya". Aka naɗa shugaban hukumar tashar, Fulvio Lino Di Blasio, kwamishina na musamman, aka ware Yuro miliyan 157 domin shirya wuraren ɗaure jirgi na wucin gadi a Marghera, aka kuma ware diyya ga kamfanonin jirage da kamfanin tasha da ma'aikatan da abin ya shafa.

UNESCO ta zauna, ba ta sa Venis a jerin ba. Ranar 1 ga Agusta hanin ya fara aiki, kuma ya tsaya.

2022 zuwa 2023: inda jiragen suka koma

Marghera ba a gina ta don baƙi ba. Jirgin fasinja kan ɗaure ne a gaɓar kwantena, sai an raba lokaci da jiragen kaya. Fasinja ya je tsohuwar tashar Marittima a duba takardunsa da kayansa, sannan a ɗauke shi zuwa inda jirgin yake, tsakanin injinan ɗaga kaya da tankunan mai. Matsakaitan jirage suka koma Fusina, wata tasha kusa da Marghera, wasu ƙanana kuma Chioggia, can kudancin tafkin.

Wasu kamfanoni suka bar tafkin gaba ɗaya. Royal Caribbean ta mai da Ravenna gidanta, wasu suka koma Trieste da Monfalcone, duk garuruwan bakin teku ne a Italiya. Amma a takardar talla sunan Venis bai fita ba. Ana sauke mutane a waɗannan garuruwa, a zuba su a bas ko jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu ko fiye, su yini a Venis su koma. A Yuli 2022 jirgin Norwegian Gem ya gwada wata dabara: ya tsaya a teku wajen ƙofar Lido, aka yi jigilar fasinjojinsa da ƙananan jirage har kusa da San Marco. Bai karya doka ba, amma hukumomin garin ba su ji daɗi ba.

Fasinjojin da tashar Venis ta karɓa a 2023 kusan rabin miliyan ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na 2019. Gasar tashar wajen tafki ita ma ta faɗa hannun kotu, ta yi ta jan ƙafa.

Cunkoson gari kuwa bai san an yi ba. A Agusta 2022 allon kantin maganin nan ya sauka ƙasa da 50,000. A Satumba 2023 masu ƙidaya suka nuna cewa gadajen kwanan baƙi a tsohon garin sun fi mazauna yawa. A shekarar masu ba UNESCO shawara suka sake cewa a sa garin a jerin haɗari. Ana gab da zaman kwamitin a Riyad, majalisar birnin ta amince da karɓar kuɗin shiga gari daga baƙi. Venis ta sake tsallake shiga jerin.

2024 zuwa 2025: kuɗin shiga

Tun ƙarshen 2018 majalisar dokokin Italiya ta ba Venis izinin karɓar wannan kuɗi, aka yi ta ɗagawa. Ba harajin jirgi ba ne kai tsaye. Yana kan duk wanda ya shigo tsohon garin ya yini bai kwana ba, ko da me ya zo. Mai kwana a otal ba ya biya, don yana biyan harajin kwana tun 2011. Mazauna, da mutanen yankin Veneto, da ma'aikata da ɗalibai, da yara 'yan ƙasa da shekara 14, duk an ɗauke musu.

An fara ranar 25 ga Afrilu 2024. Yuro 5, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4:00 na yamma, a ranaku 29 da aka zaɓa har tsakiyar Yuli. Mutum ya biya ta intanet, a ba shi lambar QR a waya, ma'aikata na tsaye a gaban tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia suna dubawa. Tarar wanda bai biya ba daga Yuro 50 zuwa 300. A ranar farko mutum kusan 15,700 suka biya, yayin da ɗaruruwan mazauna ke turereniya da 'yan sanda a Piazzale Roma, dandalin da motoci ke tsayawa a bakin garin, suna cewa garinsu ba gidan kallo ba ne da za a yanka masa tikiti. Ba a sa iyakar yawan masu shiga ba. Duk wanda ya biya ya wuce.

A ranakun 29 an tara kusan Yuro miliyan 2.4, fiye da yadda aka zata. 'Yan adawa a majalisar birni suka ce wannan kansa shaida ce cewa ba wanda kuɗin ya hana zuwa. A 2025 aka ƙara ranakun zuwa 54, aka mai da shi Yuro 10 ga wanda bai yi rajista da wuri ba. Daga Agusta 2024 kuma an hana ayarin 'yan yawon buɗe ido wuce mutum 25, an hana jagora amfani da lasifika.

Wasu tashoshin sun bi ta kan fasinjan jirgi kai tsaye. Amsterdam ta sa Yuro 8 a kan kowane fasinja mai yada zango a 2019, wasu kamfanoni suka janye jiragensu zuwa tashoshin makwabta. Girka ta sa Yuro 20 a tsibiran Santorini da Mykonos a tsakiyar bazara daga 2025.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Dokar 2012 da ta 2021 manufarsu ɗaya, har ta farkon ta fi sassauci. Bambancin shi ne ta farko ta miƙa makullin hani ga mutanen da ba su da dalilin gaggawa. Muddin ba a daidaita kan hanya ba jirage na wucewa, don haka duk mai cin moriyar wucewar ribarsa na cikin rashin daidaitawa. Masu adawa su ma, da gaskiyarsu, sun toshe kowace hanya da ta ƙunshi yasa. Kowane ɓangare na da ikon cewa a'a, ba wanda aka tilasta wa cewa e. Kotu ba ta yi wani abu ba illa karanta jimlar da aka rubuta.

Ta 2021 ta juya lamarin: hani tukuna, neman hanya daga baya. Ta sa rana. Ta sa awo huɗu da ma'aikacin tasha zai duba a takardar jirgi ba tare da gardama ba. Ta canja tushen hujjar daga haɗari, wanda sai an kawo bincike an yi musu a kai, zuwa kare kayan tarihi. Ta kuma biya waɗanda za su yi asara, abin da ba a yi ba a 2013, kuma su ne suka kai ƙara a wancan karon. A ganina ba za a cire sa'ar lokaci ba. Korona ta riga ta tsayar da harkar, don haka ba kasuwa mai ci aka rufe ba, mai farfaɗowa aka karkatar. Zaman UNESCO kuma ya ba gwamnati ranar da ba ta da ikon ɗagawa. Hatsarin 2019, duk da bidiyonsa, bai kawo doka ba. Barazanar kunya ce ta kawo.

Sai dai nasarar iyakarta abin da aka auna. An ce jirgi kada ya bi ta gaban San Marco, ya daina bi. Ba a ce ya bar tafkin ba, kuma bai bari ba: yana bin mashigin man fetur, wurin da masana suka fi jin tsoron zaizaya. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne ma'aikatan tasha, don aikin ɗaukar fasinja da lodin abinci shi ne ya koma Ravenna da Trieste, mai yini ɗaya kuwa, wanda shi ne ya fi cika lungu ya fi ƙarancin kashe kuɗi, yana nan zuwa ta bas.

Kuɗin shiga ya yi aiki a matsayin kuɗin shiga. Ya kawo kuɗi, ya ba birnin alƙaluman da ba shi da su a da. A matsayin birki kuwa ban ga ya kama ba, kuma da wuya ya kama: wanda ya biya kuɗin jirgi ya ƙetaro teku ba Yuro 5 ko 10 ne zai mai da shi gida ba, balle ba a sa adadin da in an kai za a rufe ƙofa ba. Ko a shekarar da jirage suka fi yawa, fasinjojinsu ƙaramin kaso ne na baƙin garin, waɗanda ake ƙiyasta su da miliyan 20 zuwa 30 a shekara. Abin da ke korar mazauna, wato gidajen haya da ake mayarwa masaukin baƙi, ba dokar jirgi ko tikitin yini da ya taɓa shi.

Har zuwa 2025 ba a gina tashar wajen tafki ba. Abin da ke kan teburin kwamishina a lokacin shi ne sabuwar tashar fasinja a mashigin arewa na Marghera, da gyaran mashigin man fetur, da yashe wani tsohon mashigi mai suna Vittorio Emanuele domin matsakaitan jirage su dawo Marittima ta bayan gari. Kwamitin No Grandi Navi ya ce wannan Contorta ce aka sauya wa suna, tutocinsa kuma ba su sauka daga tagogin Giudecca ba.